Ni Ne Mai Waƙar Atishawa

Assalamu alaikum. Shekaruna sun haura hamsin yanzu, kuma mafi yawansu na yi su ne ina ba mutane dariya, da farko da waƙa, daga baya da wasan kwaikwayo. Yaran da muke aiki tare a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, sun sha tambayata yadda aka yi na faro, ni kuma ba na iya ba su amsa a tsaitsaye tsakanin wannan sin da wancan. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin su, da kuma duk wanda yake ganin ban dariya sana'ar wanda ya rasa abin yi ce.

An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Dambatta a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Baba manomi ne, da rani kuma yana ɗinkin hula. Gidanmu ba gidan roƙo ba ne, ba mu gaji kiɗa ba, ba mu gaji waƙa ba. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni a gaban mutane, in na yi abin dariya ma sai ta kau da kai. Abin dariyar kuwa ina yin sa tun ina makarantar allo. Duk muryar da ta shiga kunnena sai ta fito ta bakina: mai tallan fura, mai shelar dagaci, tsohuwar da take faɗa da kajinta kullum da safe. Na sha bulala a kan wannan.

Wata Lahadi Baba ya tafi da ni kasuwar Dambatta zai sayar da tunkiya. Can gefen 'yan hatsi na ga mutane sun yi da'ira ana ta ƙyaƙyata dariya, wasu har da riƙe ciki. Na kutsa ta tsakanin ƙafafu. Wani dattijo ne baƙi siriri zaune a kan buzu, ya naɗa wani ƙaton rawani, gefensa gafaka cike da tsofaffin takardun buhun siminti, a hannunsa carbi na 'ya'yan goruba. Ya gyara murya irin ta malami mai tafsiri, yaronsa yana ja masa baƙi shi kuma yana fassarawa. Sai dai abin da yaron yake ja sunayen abinci ne aka lanƙwasa su har suka yi kama da Larabci, fassarar kuwa duk hukunce-hukuncen tuwo ne: wanda ya riski malmala ta ƙarshe, wanda ya makara har aka suɗe akushi, hukuncin mai loma biyu kafin ɗan'uwansa ya yi ɗaya. Da ya gama ya miƙe, ya ɗauki karin wata waƙar Shata da kowa ya sani, ya cire sunan wanda aka yi wa waƙar ya sa ɗanwake a gurbinsa. Ranar na fara jin sunan 'yan kama, wato masu irin wannan wasa na ban dariya. Ranar kuma na gane cewa abin da ake dukana a kansa a gida, akwai babban mutum mai furfura da yake ci da iyalinsa da shi.

Ban bi shi nan take ba, sai da na zama saurayi. Da na faɗa wa Baba, bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da ɗinkin hularsa, can ya ce, "Ɗan nan, hannun da ya saba miƙewa a kasuwa da wuya ya koma kan fartanya." Daga nan bai sake ce mini komai ba har tsawon damina guda. Kawuna, ƙanin Inna, shi ya shiga tsakani. Ya je ya ga dattijon da idonsa, ya bincika halinsa, ya dawo ya ce wa Baba, "Yaya, mutumin nan ba ya shan komai, ba ya zagi, salla ba ta wuce shi. In ka hana yaron nan zai gudu birni ya bi wanda ba mu sani ba." Baba ya yarda, amma bai taɓa tsayawa a da'irarmu ba har ya koma ga Allah.

A nan nake so in daɗe, domin duk abin da na zama daga baya a hannun maigidana na samo shi. Na zata ranar farko zai koya mini waƙa. Gafaka ya ba ni in riƙe. In mun isa kasuwa da hantsi, kafin mutane su taru, sai ya nuna mini mutum ɗaya ya ce, "Je ka zauna kusa da wancan, kada ka yi magana. In ka dawo ka gaya mini abin da yake damunsa." Sai in dawo in ce mai barkono ne, ciniki bai buɗe masa ba. Sai ya ce, "Wannan kowa ya gani. Me ya sa yake ta taɓa aljihunsa na hagu? Me ya sa in ya hango mai jar hular can yake sunkuyar da kai?" Sai in koma. A hankali na fara gane mai bashi daga tafiyarsa, na fara gane sabon ango, da wanda aka yi wa rasuwa bai daɗe ba, da wanda ya kawo dabbarsa ta ƙarshe yana ciniki yana kallon ƙasa. Maigidana yakan ce ɗan kama da bai san mutane ba, surutu kawai yake yi.

Yana da dokoki, kuma bai taɓa sassauta su ba. Karin muryar malamai muke ara, nassi ba abin wasa ba ne. Ko harafi ɗaya na Alƙur'ani bai yarda ya shigo bakinmu a fage ba. Ba ma kwaikwayon gurgu ko makaho ko mai in'ina. Ba ma kama talakan da yake tsaye a da'ira mu mai da shi abin dariya don mai kuɗin da ke gefensa ya yi mana kari. Haɗama muke yi wa dariya, da rowa, da ƙaryar arziki, da ragwanci, kuma a kanmu muke ɗora su, mu ne masu haɗamar, mu ne ragwayen. Sannan akwai maganar lokaci, wadda ita ce ƙashin bayan sana'ar. In ka saki magana mutane suka fashe, kada ka ɗora wata a kai, ka bari dariyar ta hau ta fara sauka, kafin ta mutu sai ka saki ta biyu. In ka yi gaggawa ka kashe ta biyun, in ka yi jinkiri da'ira ta watse. Wannan ba a koyon sa da baki. Yakan taka mini ƙafa a hankali in lokacin ya yi, har jikina ya saba.

Haka muka yi ta zagaye a bayan a-kori-kura: Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, tsakani kuma gidajen biki da suna. Lokacin ne aka shiga matsin tsarin tattalin arzikin da gwamnatin soja ta kawo a 1986, kuɗi suka karye, kwanon hatsi ya yi tsada. Na yi tsammanin mutane za su daina jin daɗin waƙar abinci tunda abincin ya yi wuya. Sai ma da'irar ta ƙara cika. Mutumin da ya baro gida ba a ɗora tukunya ba, in ya ga dattijo da rawani yana kuka da hawaye a kan malmalar da ta kuɓuce masa, dariyar da yake yi har cikin ransa take, domin an faɗi abin da yake jin kunyar faɗa. Tun daga lokacin ban sake yarda da masu cewa aikinmu shirme ba ne.

Amma zamani yana juyawa. Wasu suka fara ganin kwaikwayon tafsiri bai dace ba ko da ba a taɓa nassi ba, maigidana kuwa ba mai son jayayya ba ne, sai ya ajiye wannan ɓangaren. Ƙarfinsa ma ya fara raguwa. Shi da kansa ya ce in tafi birni. Na sauka Kano a farkon shekarun 1990, na samu wani mai shayi a Fagge ina wanke masa kofuna, da dare in bi gidajen biki. A gaban talabijin ɗin wani mai shago na fara kallon su Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero, ina mamakin yadda mutum yake ba da dariya ba tare da ya ga fuskar masu dariyar ba. A lokacin fim ɗin Hausa na kaset yana jariri. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, sauran ƙungiyoyin wasan daɓe suka biyo baya. Ni dai ban sa kaina a lissafin ba. Mawaƙi nake ganin kaina.

Waƙar da ta sauya mini rayuwa a cikin hunturu ta zo. Mura ta kama wani abokina da muke kwana shago ɗaya, ga shi ranar ce zai je zance na farko wurin yarinyar da ya daɗe yana so. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce duk lokacin da ya buɗe baki zai faɗi abin da ya kai shi sai atishawa ta ƙwace maganar. Na ba shi haƙuri, amma daren ban yi barci ba. Na gina waƙar yadda kowane baiti zai tafi daidai har gab da kalmar ƙarshe, kalmar da kowa ya riga ya hango ta saboda amsa-amon, sai atishawa ta cinye ta:

Yarinya tsaya ki ji batuna,
Abin da ke raina shi ne ina...

Nan sai atishawa, 'yan amshi su ce "Yarhamukallah", a sake sabon baiti. Saurayin yana ta ƙoƙari, yarinyar tana ta jira, har kiran sallar isha ya raba su bai faɗa ba. Ranar da na fara rera ta a wani gidan biki, kafin in kai tsakiya mata da yara sun karɓe atishawar, ni dai in kawo baiti in yi shiru su ƙarasa. Abin da maigidana ya koya mini da taka ƙafa, shi ne ya riƙe waƙar gaba ɗaya.

A ƙarshen shekarun 1990 situdiyo masu fiyanon Yamaha sun fara yawa a Kano, kiɗan fiyano ya mamaye waƙoƙin fim. Na tara kuɗin liƙi na shiga ɗaya daga ciki aka buga mini. Na kai wa wani ɗan kasuwa, ya saurara, ya ba ni kuɗi a dunƙule, na sa hannu ta zama tasa. Kuɗin sun saya mini keke da katifa. Waƙar kuwa ta shiga duniya. Masu tura baro da lasifika suna yawo da ita, tana tashi a tasha, tana tashi a motocin haya, yara suna yin ta a hanyar makaranta. Wata rana ina tafe a ƙafa na ji ta daga shaguna uku a jere, aljihuna babu kuɗin mota. Ban riƙe mutumin a raina ba, haka tsarin yake a lokacin, kuma mawaƙa da yawa da suka fi ni haka aka yi da su. Amma ina faɗa wa yara masu tasowa su san abin da suke sa wa hannu.

Sunan da na yi bai hana a ƙi ni ba. Gidan da na fara neman aure, da magabatana suka je, aka ce musu ba a ba maroƙi. Kawu ya dawo ya rasa yadda zai gaya mini. Wadda Allah ya ƙaddara ita ce uwar 'ya'yana, mahaifinta tela ne, tambaya biyu ya yi: yana salla, kuma zai iya ciyar da ita? Allah ya jiƙansa, ya mutunta ni a lokacin da nake bukatar a mutunta ni.

Shigata fim ta waƙar ce. Wani darakta mai shirya fina-finan barkwanci, waɗanda ake kira camama, ya aiko a neme ni in hau waƙata a cikin fim ɗinsa. Muka tafi wani ƙauye a bayan gari. Da aka gama ɗaukar waƙar, wanda zai fito a matsayin maƙwabci bai zo ba, sai darakta ya ce, "Malam, ko za ka taimaka mana?" Babu takarda, babu rubutaccen zance. A camama a lokacin darakta yakan faɗi abin da zai faru ne kawai, ku 'yan wasa ku cike da bakinku. Wannan bai ba ni tsoro ba, aikina ne tun ina saurayi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne shirun. Na saki maganar da na san a kasuwa sai an faɗi ƙasa, ba wanda ya yi ko tari, domin an hana kowa motsi saboda sauti. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Sai da aka ce "kat" mai kyamara ya ajiye ta ya durƙusa yana dariya. Daga ranar na fara koyon ƙirga dariyar da ba na ji, in bar mata gurbi a cikin maganata don mai kallo a ɗakinsa ya samu inda zai sa tasa.

Sai kuma na koyi rage komai. A da'ira dole ka buɗe ido, ka ware hannu, ka ɗaga murya, don na baya ya gani. Kyamara kuwa tana gab da fuskarka, ko ƙifta ido ka yi ta ɗauka. Na daɗe ina fama da wannan, kuma editoci sun yi haƙuri da ni.

Ba zan yi maganar camama ban ambaci marigayi Rabilu Musa Ibro ba. Mutumin Ɗanlasan ne, tsohon ma'aikacin gidan yari, kuma shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa fim ɗin ban dariya yana sayuwa, har talakan ƙauye ya ga irin rigarsa da irin maganarsa a talabijin. Shi ma yakan ɗauki karin waƙar da ta yi tashe ya juya ta ta koma abin dariya, wanda a wurina kamanci ne, wato wasan 'yan kama, ya sa sabuwar riga. Duk wani ɗan barkwanci na zamaninmu, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ta ƙofar da ya buɗe ya shiga. Kasuwar a lokacin a Ƙofar Wambai da Bata take. Furodusa zai buga kwalin fim, ya ba 'yan kasuwa uwar kaset, su kwafa da kansu su biya shi kuɗin kwalin da suka ɗauka. Saboda haka fuskar da ke kan kwali ita ce ciniki, ni kuwa duk kwalin da na fito a kai, hoton ɗaya ne: baki buɗe, ido rufe, ana shirin atishawa.

Harkar ba ta taɓa zama lafiya na dogon lokaci ba. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a a Kano, an dakatar da fim, sai da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001 aka ci gaba. A 2007 aka sake dakatar da ɗauka na wata shida, 'yan fim da yawa suka koma Kaduna da Jos. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro wata biyu a kan wani fim. A irin waɗannan lokuta waƙar atishawa ce ta ciyar da gidana. Mukan haɗa tawaga mu tafi wasan gala Maraɗi da Damagaram, a biya mu da sefa, kuma ko'ina na hau dandamali ba a barina in sauka sai na yi ta. Ina gode wa Allah da ita. Amma ta zama mini turke: tana ciyar da ni a inda aka ɗaure ni, iyakar igiyar kuma iyakar tafiyata. Duk daraktan da ya kira ni, ko limami zan fito ko ɗan sanda, sai ya ce, "Malam, a ɗan sa mana atishawar nan." Na sha roƙo a gwada ni a wani matsayi, amsar ɗaya ce, wai in mutane suka ga fuskata dariya za su yi ko gawa nake ɗauke da ita.

Maganar tasu ta tabbata a kaina ta hanyar da ban zata ba. Allah ya karɓi ran ɗana na biyu, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ina zaune a tabarmar makoki a ƙofar gida, wasu samari suka zo wucewa, suka gane ni, ɗaya ya yi atishawar nan da ƙarfi, sauran suka amsa. Ba mugunta suka nufa ba, ba su lura da abin da ake yi ba, da wani dattijo ya yi musu magana har ƙasa suka durƙusa suna ba da haƙuri. Amma abin ya zauna mini. Ko cikin masu gaisuwar akwai waɗanda nake ganin bakinsu yana motsi, suna danne murmushi, domin ba su taɓa ganin fuskata ba dariya a tare da ita ba. Mai ba da dariya shi ma uba ne, yana binne ɗansa, yana rasa kuɗin magani, yana kwana bai runtsa ba. Ina so wanda ya karanta wannan ya tuna da haka in ya haɗu da ɗayanmu a asibiti ko a maƙabarta.

Daga 2012 komai ya fara zubewa. Harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu na shekarar ya jawo dokar hana fita, baƙin 'yan kasuwa suka rage zuwa. Sannan waya ta cinye faifai: da 'yan kuɗi kaɗan masu tura fim za su cika maka memori, wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim ɗin bai ga ko kwabo ba. Ranar 10 ga Disamba 2014 Ibro ya rasu, camama ta yi maraici. Kira ya ɗauke. Na koma gona da damina, da rani ina sayar da hatsi, hannun da Baba ya ji wa tsoro ya koma kan fartanya lafiya lau, sai dai shi ba ya nan ya gani.

Ina cikin wannan hali aka shiga zamanin fina-finai masu dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da bin labari mako-mako, daga baya masu shiryawa suka koma YouTube. Wani yaro darakta, sa'an ɗana na fari, ya zo har rumfata. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Baba, da waƙarka aka yi mana reno. Amma ba ita ta kawo ni ba." Yana da labarin wani tsohon masinja da ya yi ritaya yana bin haƙƙinsa na fansho, shekara da shekaru ana ce masa ya dawo gobe. Na ce, "Ɗana, ka san abin da mutane za su yi in sun ga fuskata?" Ya ce, "Na sani, Baba. Za su fara murmushi saboda suna ƙaunarka. Ni kuma mutumin da suke ƙauna nake so su ga ana wulaƙantawa."

Akwai sin ɗin da tsohon yake zaune a kan benci tun safe, aka liƙa takardar sunaye, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa babu sunansa. A rubuce an ce ya fashe da kuka ya yi ta sambatu. Na roƙi darakta ya bar ni in gwada wani abu. Na tuna mutanen da maigidana yake sa ni in zauna kusa da su a kasuwar Dambatta, masu sayar da dabbar ƙarshe. Ban taɓa ganin ɗayansu ya yi kuka a bainar jama'a ba. Sukan gyara hula ne, su kakkaɓe rigar da ba ƙura a jikinta, su yi wa wanda ya cuce su sallama da ladabi. Haka na yi. Na sake bin takardar da yatsa a karo na biyu, na gyara hula, na ce wa akawun, "To, ranka ya daɗe, Allah ya kai mu goben." Na tsaya daidai gwargwadon yadda nake tsayawa in bar wa dariya gurbi, sannan na juya. Da aka ce "kat" ba wanda ya yi magana, mai riƙe da sandar sauti yana goge ido da hannun riga.

Da fim ɗin ya fita, tsofaffin ma'aikata suka riƙa tare ni a masallaci da kasuwa, ba don in yi musu atishawa ba, sai don su ba ni labarin fayil ɗinsu. Wani ya riƙe hannuna ya ce tafiyar da na yi daga bencin nan tafiyarsa ce. Inna kuwa, wadda ba ta taɓa yarda ta kalli wasana ba, jikokinta suka nuna mata a waya. Ba ta ce mini komai ba, ba za ta ce ba. Ƙanwarta ta aiko ta gaya mini cewa ta kalla har ƙarshe, ta ce a faɗa wa "yaron nan" ya yi kama da babansa a wurin gyara hular.

Yanzu matsayin uba da kawu da liman ake ba ni, wani lokaci na dariya, wani lokaci na hawaye, kuma in an gayyace ni biki aka roƙi waƙar atishawa ina yin ta da zuciya ɗaya. Masu cewa na bar shirme na koma aikin hankali ba su fahimce ni ba. Aiki ɗaya nake yi tun ranar da aka ba ni gafaka in riƙe, kuma mutum ɗaya ya koya mini shi.

Maigidan nawa kuwa ya rasu a ƙauyensu ina Jos wurin aiki, sai bayan kwana bakwai labari ya same ni. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma duk wanda yake son jin muryarsu yau zai ji. Maigidana ko kaset ɗaya bai bari ba. Abin da ya rage na fasaharsa shi ne abin da ke kaina da kan yaron da yake ja masa baƙi, wanda shi ma ya tsufa. Saboda haka na fara wani aiki da 'yan kuɗina: duk inda na ji labarin tsohon ɗan kama da yake raye, ina zuwa da yaro mai kyamara mu ɗauki wasansa da hirarsa, mu bar wa iyalinsa kwafi. Na fara da abokin aikin nawa mai jan baƙi, mun zauna yana tuno baƙin ina tuno fassarar. In akwai irin wannan dattijo a garinku, ko wani tsohon kaset na kamanci a cikin kayan mahaifinku, don Allah kada ku yar, ku kai wa 'yan fim ɗin da ke kusa da ku su kwafe shi. Bayan sallar nan, in Allah ya yarda, ƙasar Gumel za mu nufa, an ba ni labarin wani a can.